Kuɗin Tara Na Ƙarewa a Alawa, Kular Abinci Na Dawowa a Cike

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Sakkwato, wajen Mabera muke zaune. 'Ya'yana uku. Babbar mace ce mai shekara 11, tana aji shida na firamare, mai bi mata namiji ne ɗan shekara 8, sai auta mai shekara 4 da aka sa rabin aji bana. Maigida ƙaramin ma'aikaci ne, ni kuma ina taɓa ɗinki a gida. Kullum da safe yakan ba kowane yaro naira 200 kuɗin tara, kuma a bakin ƙofar makaranta suke ƙarewa, wajen alawa da biskit da ƙanƙara mai kala. Namijin har harshensa ke dawowa ja ko shuɗi. Da na ga haka sai na fara tashi tun asuba ina yi musu ɗanwake ko dafa-duka ina zubawa a kula. Bayan sati biyu na lura kular babbar tana dawowa yadda na rufe ta. Da na matsa mata sai ta fashe da kuka, wai 'yan ajinsu sun ce abincinta na wari, suna kiranta 'yar ƙauye, su taliyar leda da lemon kwali ake sa musu. Shi kuma namijin, malaminsu ya aiko cewa barci yake yi a aji. Auta haƙorinta ya fara rami, ga uwar mijina da muke gida ɗaya ba ta rabo da ba ta minti. Na yi wa maigida magana, ya ce in daina wahalar da kaina ina ƙona gawayi, kuɗin da yake bayarwa sun isa. Anti, ba mu da halin sayen irin na 'ya'yan masu kuɗi, kuma ba na son in zuba ido yarana su lalace. Yaya zan yi?

Uwar yara uku, Sakkwato

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Macen da ke tashi tun kafin assalatu ta hura gawayi don kada 'ya'yanta su wuni a kan alawa ba ta cikin masu zuba ido, wannan ki cire shi daga ranki. Na kuma san abin da ake ji idan aka buɗe kula da la'asar aka tarar da ɗanwaken da aka sha wahalar jefawa ya saki, ya fara tsami, ko cokali ba a sa masa ba. Ba asarar garin ce ke cin rai ba. Ji mutum yake kamar shi aka dawo da shi.

Da kukan babbarki zan fara, don a wurina ya fi maganar alawa nauyi. Yarinyar nan ba raina girkinki ta yi ba. Ki duba da kyau: sati biyu tana zaune da yunwa tun safe har a tashi, ta ɗauko kularta ta dawo da ita, ba ta zubar a hanya ta yi miki ƙarya ba, ba ta kuma faɗa miki dalili ba sai da kika matsa. Wato tana jin kunyar 'yan ajinsu, tana kuma jin nauyinki, sai ta zaɓi yunwa. A shekara 11 maganar ƙawaye ta fi ƙugin ciki ƙara. Idan kika ce mata "rabu da su, kunya ba ta cika ciki", gaskiya kika faɗa, amma gaskiyar ba za ta raka ta aji ba, ita kaɗai za ta zauna a benci a buɗe kula ana toshe hanci. Saboda haka kada ki yi mata faɗa, kada kuma ki yi mata gorin tashin asuba. Ki same ta ku biyu, ko lokacin da kike mata kitso, ki ce kin ji, kuma ba ki ji haushinta ba.

Sannan akwai wata gaskiya da ba daɗi a cikin tsokanar yaran nan. Ɗanwake abinci ne na ci da zafi. Idan aka rufe shi tun ƙarfe shida da rabi, da kukarsa da kanwarsa da ɗanyar albasa da mai, aka buɗe bayan awa uku ko huɗu a cikin aji mai cunkoso, to lallai zai yi tashi. Yaran sun yi rashin tarbiyya, amma hancinsu bai yi ƙarya ba. Don haka ba manufarki za ki canza ba, abin da ke shiga jakar za ki canza. Ɗanwake ya tsaya a gida, a ci shi da ɗuminsa kafin a fita. Abin da zai bi ta makaranta ya zama wanda ba ya tashi, ba ya zuba, kuma ana iya cinsa da yatsu ana hira: soyayyar awara da ɗan yaji a gefe, ƙosai, masa, soyayyen dankalin Hausa, gasasshiyar gyaɗa da dabino uku, cincin ɗin gida da kika zuba wa garin waken suya, karas da aka kankare aka yanka dogo-dogo, lemon ɓawo ko ayaba. Duk waɗannan a idon yara abin kwaɗayi ne, ba "abincin gida" ba, alhali awara guda biyar ta fi ledar biskit riƙe ciki nesa ba kusa ba.

Ki ba ta zaɓi, wannan shi ne babban sirrin. Ranar Asabar ki tafi da ita kasuwa, ki riƙa mata kuɗin, ki ce ta tsara abin da ita da ƙannenta za su tafi da shi Litinin zuwa Juma'a. Ki bar ta ta yi ciniki da bakinta. In da hali ki saya mata 'yar ƙaramar robar abinci mai murfi, wadda ita ta nuna da yatsa, ki ajiye babbar kular nan mai kama da ta kai wa majinyaci abinci asibiti. Yarinya ba ta jin kunyar abin da ta zaɓa da kanta kamar yadda take jin kunyar wanda aka ɗora mata. Kuma ki riƙa ƙara mata guda biyu ko uku a kan nata, na ƙawa. Hausawa sun ce idan baki ya ci, ido kan ji kunya. Yarinyar da ta miƙo hannu ta ɗauki awararki yau, da wuya gobe ta kira 'yarki 'yar ƙauye.

Ni kaina da rogo da ƙuli aka yi mini firamare, a ƙunshe cikin takardar tsohon littafi, kuma bayan aji nake laɓewa in ci don kada a gani. Yau rogo da ƙulin nan ne manyan mata ke aikawa a sayo musu daga ofis, ana rabawa ana santi. Ba na ce ki ba ta wannan labari a matsayin wa'azi ba. In kina da irinsa ki ba ta naki, ta san ba a kanta aka fara ba.

Taliyar leda kuwa kada ki mayar da ita haram, don abin da aka haramta wa yaro shi yake mafarki. Ki ware mata rana ɗaya a mako, misali Juma'a. Ki zuba rabin garin ɗanɗanon da ke cikin ledar kawai, don gishirinsa ya yi wa yaro yawa, ki yanka karas da kabeji, ki fasa ƙwai a ciki. Ta shiga sahun ƙawayenta, ke kuma kin san abin da ta ci. Ki kuma sami malamar ajinsu a keɓe, ba tare da kin kama sunan ɗan kowa ba, ki roƙe ta ta yi wa ajin nasiha gaba ɗaya. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Wannan darasi ne da yaran Sakkwato za su gane cikin minti biyu. In malamar ta yarda ta riƙa cin ƙosanta ko awararta a gabansu lokacin tara, ta gama miki rabin aikin.

Sai namijin. Tambayar da zan yi miki ita ce: me yake ci kafin ya fita? A gidaje da yawa amsar ita ce ruwan shayi da guntun burodi, ko ba komai, don an dogara da kuɗin tara. Yaron da rabonsa da abinci tun tuwon dare, ya shiga aji ƙarfe takwas ciki wayam, ya sha alawa da ƙanƙara, dole ya yi gyangyaɗi. Alawa kwaɗayi take kashewa, ba ta kashe yunwa. Shi ya sa nake ganin ƙarfin da kike sawa a kula, ki dawo da mafi yawansa kan karin kumallo. A gida ba mai tsokanar kowa. Ɗumamen tuwo da miyar kuka mai daddawa ba abin rainawa ba ne, haka kunu da ƙosai, haka garau-garau. Hatsi da wake idan suka haɗu a kwano ɗaya suna cike wa juna giɓi wajen gina jiki, shi ya sa tun iyaye da kakanni ba a raba su.

Abin da zai fi rage miki wahala shi ne garin kunun haɗi. Ki auna gwangwani shida na gero ko dawa ko masara, ko ki gauraya su, da gwangwani uku na waken suya, da gwangwani ɗaya na gyaɗa. Ki tsince, ki wanke, ki shanya su bushe ƙarau, ki soya kowanne daban a busasshen kasko har ya yi ƙamshi, ki surfa waken suyan ki sheƙe ɓawonsa, sannan ki haɗa a kai injin niƙa. Ki zuba a roba mai murfi mai kyau. Da safe ludayi biyu ko uku za ki dama da ruwan sanyi, ki zuba cikin tafasasshen ruwa kina juyawa, cikin kamar minti goma ya nuna. Gawayin da zai tafasa ruwan shayi shi ne zai dafa shi, kin ga ƙorafin maigida ya faɗi da kansa. Amma wajen tsintar gyaɗa kada ki yi ganda. Duk wadda ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna, ko ta yamutse, ko take ɗaci, ki zubar. Irin wannan gyaɗar na ɗauke da gubar da ke lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Arahar ruɓaɓɓiyar gyaɗa ba araha ba ce.

Duk da haka kada ki ɗora barcin nan kan yunwa kaɗai. Ki ja fatar idonsa ta ƙasa ki duba, ki duba tafin hannunsa. In kin ga fari-fari, ko yana saurin gajiya, ki kai shi asibiti mafi kusa a auna jininsa. Ƙarancin jini ya yi mana katutu: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan wata shida zuwa shekara biyar suna fama da shi. Naki ya wuce wannan shekarun, amma abubuwan da ke kawo shi ba su bar shi ba, wato zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, da abincin da ba shi da sinadarin ƙarfe. Ki tambayi ma'aikacin lafiya batun maganin tsutsa ga yaran duka uku, kada ki saya da ka a wurin masu tallar magani. A gida kuma ki yawaita wake, zogale, alayyafo, da hanta ko kifi duk ranar da Allah ya hore. Soyayyar fara ma da ake yi wa kallon abin marmari abinci ce mai gina jiki, in dai a wurin wadda kika yarda da tsaftarta kika saya. Ki matsa lemon tsami ko ki yanka tumatir a kwaɗon zogale, yana taimaka wa jiki ya zuƙi ƙarfen da ke ciki. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka a daina kora abinci da shi, a bar tazarar kamar awa ɗaya. Ki kuma lura da ƙarfe nawa yake kwanciya. Yaron da ya yi boko da safe, Islamiyya da yamma, sannan ya kai sha ɗaya na dare yana kallo a wayar babansa, ko naman rago ya karya da shi sai ya yi barci a aji.

Yanzu maigida. A nan zan ɗan tsaya masa, ki yi haƙuri. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kasuwa ta koma, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Ƙaramin ma'aikacin da ke zaro naira 600 kullum safiya bai fasa ba, a ransa ya sauke nauyi, kuma yana jin daɗin ganin yaransa sun miƙo hannu sun ce an gode Baba. Da kika ce masa kuɗin na lalata yara, abin da kunnensa ya ji shi ne ƙoƙarinsa bai yi ba. Maganar gawayi da ya kawo kariya ce kawai. Kuskurensa shi ne ɗaukar cewa kuɗi a hannun yaro daidai yake da abinci a cikin yaro. Ɗan shekara 8 da naira 200 a gaban tiren alawa, ai an ba kura ajiyar nama.

Kada ki nemi ƙari, lissafi za ki nuna masa. Naira 600 sau biyar, 3,000 ke nan a mako. A zangon karatu na mako 13 sun zama 39,000. Na tabbata bai taɓa haɗa su wuri ɗaya ba, don kuɗin da ke fita da kaɗan-kaɗan ba a ganin girmansu. Ki rubuta a takarda. Ki bari sai ya ci abincin dare ya natsu, ba da safe yana neman takalmi ba, ba a gaban yara ba, ba kuma a gaban Inna, uwar mijinki, ba. Ki fara da godiya, da gaske ba ta baka ba, sannan ki roƙi gwaji na mako huɗu: manyan biyu ya ci gaba da ba su naira 50 kowanne daga hannunsa, su sayi abin da ransu ke so, auta kuwa ba ta kai riƙe kuɗi ba. Wannan 500 ke nan a mako. Sauran 2,500 ya ba ki a dunƙule ranar Asabar. Ki ce in bayan wata ɗaya malamin yaro bai ga canji ba, a koma yadda ake. Namiji ya fi saurin yarda da gwaji mai wa'adi a kan hukuncin da aka yanke masa.

In ya ƙi, ba a rufe ƙofa ba, kuma ba abin faɗa ba ne. Ki je bakin makarantar da kanki lokacin tara ki tsaya ki gani. A cikin masu tallar nan ba za a rasa mai awara ko ƙosai ko dafaffiyar gyaɗa da ke rufe kayanta ba. Ki yi magana da ita, ku shirya yaranki su riƙa karɓa a wurinta, ki gaya wa namijin 150 na wurinta ne, 50 nasa. Garin kunun kuma ki ɗauki nauyinsa daga kuɗin ɗinki, tunda auno ɗaya na kai ku kwanaki. Matan nan masu talla ba abokan gaba ba ne, su ma 'ya'ya suke ciyarwa, kuma abin da ake saye shi suke kawowa.

Wajen kashe 2,500 ɗin, dokar ɗaya ce: a guji ƙulle-ƙullen kanti, a sayi awo, a bi abin da ke yayi. Hatsi da wake ki nufi Kara ko Tsohuwar Kasuwa, kayan lambu Kasuwar Daji. Da kaka, tsakanin Oktoba da Disamba, gero da wake da gyaɗa suke sauka, lokacin ne za ku haɗa kuɗi ke da maƙwabta biyu ko uku ku sayi rabin buhu ku raba. Da hunturu fadamun Kwalkwalawa da Wurno da Goronyo ke cika gari da karas da kabeji da tumatir da dankali. Da bazara ga mangwaro da kankana. Da damina zogale da rama da tafasa har sai an rasa mai ɗauka. Ba sai kin sayi tuffa ba kafin a ce yaranki na cin 'ya'yan itace. Goruba, magarya, kanya, aduwa, garin kuka a dama da nono, duk namu ne kuma a nan suke. In akwai ɗan fili inda ruwan alwala ke gangarawa, ki kafa zogale biyu.

Sai dai zafin garinmu yana da nasa hukunci. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce 40, abinci mai ruwa-ruwa ba ya jira. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a wuta ba, ba a sanyi ba. Alale, kunun aya, fura da nono, duk ki bar su na gida ne a wannan lokaci. Jakar makaranta ta ɗauki busassu: gyaɗa, ƙuli, aya, dabino, cincin, da 'ya'yan itace masu ɓawo. Ranar da za ki zuba mai zafi a kula, ki fara ɗauraye ta da tafasasshen ruwa, ki zuba abincin yana tururi, ki rufe nan take.

Kuma kowane yaro ya fita da gorar ruwa. Rabin ƙanƙarar da namijin ke saye ƙishirwa ce ke sa shi, ba kwaɗayi ba, kuma abin tsoro a ƙanƙarar nan bai tsaya ga kalar ba, ba ki san ruwan da aka ƙulla ta da shi ba, ta nan taifot da amai da gudawa ke shiga. Ki naɗe gorar da jiƙaƙƙen ƙyalle, za ta riƙe sanyi. Lemon da 'yarki ke sha'awa kuwa, ƙaramar kwalbar lemo mai gas tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali tara, alhali shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ta fi son babba ma ya tsaya a kusan cokali shida a yini. Na kwali da yawa, in kika karanta jikinsu, ruwa ne da sukari da ƙamshi. Ki gwada auna cokali tara na sukari a faranti ki nuna wa babbar, ba sai kin ƙara magana ba. Zoɓon gida ya fi, amma fa in ba a juye masa rabin gwangwanin sukari ba. Ki dafa shi da citta da ɓawon abarba da aka wanke sosai, ki riƙa rage sukarin kaɗan-kaɗan kowane mako, harshensu zai saba ba su sani ba.

Inna kuwa a bi ta a hankali. Mintin nan da take ba jikarta, kishiyarta ta wasa, shi ne yarenta na ƙauna, in kika hana ta kai tsaye za ta ji kamar jikar kika raba ta da ita, kuma ba za ta daina ba, ɓoyewa za ta koma yi. Kada maganar ta fito daga bakinki. Ki sa ɗanta ya ce za a kai auta a duba haƙori, ki roƙi Inna ta raka ku, ta ji da kunnenta daga likita. Akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Bayan nan ki riƙa kawo mata ayaba ko lemo ko mangwaro ki ce, "Inna ga na kishiyarki, ke za ki ba ta." Hannunta bai mutu ba, abin da ke cikinsa ne ya canza. In ma za a ba da minti, a ba da shi sau ɗaya bayan abinci. Abin da ya fi cin haƙori shi ne a wuni ana tsotsa, musamman a kwana da zaƙi a baki. Dabino ma yana maƙalewa a haƙori, shi ma bayan abinci ya fi. Ki riƙa goge mata baki da kanki safe da dare, da man goge baki kamar ƙwayar wake, kada ki ce ai haƙorin nono ne zai faɗi, don ruɓewarsa na hana yaro ci da barci, tana kuma iya taɓa wanda ke tahowa a ƙasa. Gyaɗa guda-guda kada a ba ta sai ta wuce shekara biyar, tana iya sarƙe ta, a daka mata ko a sa a kunu. Ramin haƙori ba cutar noma ba ce, wadda ke cin dasashi da kumatun yara masu tamowa, kada hankalinki ya tashi. Amma tunda a garinmu asibitin wannan cuta yake tun 1999, ya kamata kowace uwa ta san alamar: dasashi mai zubar da jini, warin baki mai ƙarfi, ko kumburin kumatu, ba a kwana da su a gida.

Ta fuskar makaranta kada ki jira kowa. Shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayya da aka fara a 2016 na 'yan aji ɗaya zuwa uku ne a makarantun gwamnati, a kan naira 70 kowane yaro, daga baya 100, kuma an dakatar da shi a Janairun 2024. Abin da ke hannunku shi ne taron iyaye da malamai. Ki nemi iyaye mata biyu ko uku kafin ranar, za ki sha mamakin yawan masu irin damuwarki har cikin masu sa lemon kwalin. Ku roƙi abu biyu kawai: randa ko tanki na ruwa mai tsafta da sabulun wanke hannu, da rana ɗaya a mako da kowane yaro zai zo da abincin gida. Ranar da ɗan mai kuɗi ya buɗe dambu, an daina yi wa kowa dariya.

Kada ki kwashi duk wannan a mako ɗaya, za ki gaji ki watsar. Wannan Asabar ɗin abu biyu ya ishe ki: ki soya garin kunu, ki kuma ɗauki babbar ku tafi kasuwa ku biyu, ki bar ta ta zaɓi na ranar Litinin. Maganar maigida ta biyo bayan ya ga yara sun sha kunu kwana uku sun fita da ƙarfinsu, ta Inna kuma ranar asibiti. Bayan wata ɗaya ki sake rubuto mini, ina son in ji ko robar na dawowa a wanke da yatsa, da kuma abin da malamin yaro ya ce. Allah ya raya mana su, ya ƙara wa maigida buɗi. Ki gaishe da Inna.